Daminar da Na Ɗaga Gaban A-kori-kura

Kun tashi kuna jin labari iri biyu a kan abin da ya hana Kawunku Ndagi taka gidan nan. Wasu sun ce muku gadon Bida ne ya raba mu, wasu sun ce matarsa ce ta shiga tsakani. Duka biyun ƙarya ne, kuma Hauwa, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri. Aisha, ke ce babba, na san kina tuna ranar da aka shigo da ni hannu a naɗe, goshi da ɗinki. Sauranku ba ku yi wayo ba tukuna. Tun da ƙarfi ya fara ƙarewa, gara ku ji zancen daga bakina.

A lokacin muna unguwar Tunga, a nan Minna. Babanku yana aiki a ma'aikatar ruwa, ni kuma ina sarin doya daga ƙauyukan bayan Tagwai in kawo kasuwa. Na yi shekaru ina roƙon masu mota su ba ni gefe in sa kayana, har Allah ya hore mini na sayi tsohuwar a-kori-kura fara. Da na rasa direban da zan yarda da shi, sai na je Bida na ɗauko Ndagi, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya. Sabon aure ya yi, Hauwa tana da ciki wata bakwai. Direba ne mai natsuwa, ba ya gudu, ba ya tayar da mota sai ya zagaye ta ya duba kowace taya. Ranar da za mu taho, Nna, mahaifiyarmu, ta kama hannunsa ta sa a nawa, ta ce ga amana nan. Na yi dariya na ce ai ba yaro ba ne.

Matsalarmu hanya ce. Tifofin yashi sun huda ta rami biyu, sun bar tudu a tsakiya, da damina ta sauka sai cikin motarmu ya dinga zama a kan tudun nan, tayoyi suna juyawa a banza. Sau biyu muka maƙale a mako guda. A na biyun, 'yan sari maza suka wuce mu a babbar mota, ɗaya ya leƙo ya ce in koma gida in daka sakwara, shi zai kawo mini doyar. Suka kwashe da dariya. Maganar nan ta tsaya mini a rai, kuma in faɗa muku gaskiya, ita ce ta tuƙa ni har inda na je na faɗa.

Bakanikenmu Bitrus ne, mutumin Gbagyi, Kirista, yana da rumfa a ƙarƙashin wani mangwaro bayan layinmu. Hausarsa irin ta garin nan ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa. Na ce masa ina son a ɗaga motar. Ya ce za a iya. A kwana biyu ya sa wasu zobba na ƙarfe masu kauri a kan sifirin na gaba, ya ƙara falle ɗaya a na baya, mota ta tashi kamar faɗin yatsu huɗu. Ranar Laraba da la'asar na je ni kaɗai, don Ndagi ya kai Hauwa awo. Da na hango motar ta miƙe kamar ba ita ba, zuciyata ta yi fari. Amma Bitrus bai yi murmushi ba. Ya juya tayar hagu, ya ce in sunkuya in duba. Ya nuna mini wani ƙarfe mai reshe biyu da ke riƙe da taya daga sama, wanda a da yake kwance, yanzu ya karkata ƙasa. A bakinsa akwai wata gaɓa mai kai kamar ƙwallo, wadda suke kira boljoyin.

"Maman Aisha, aiki bai ƙare ba," ya ce. "Lanƙwasa wuyan hannunka har ƙarshe. To a haka, za ka iya ɗaukar bokitin ruwa?"

Na lanƙwasa, na ce ba zan iya ba.

"Haka wannan yake yanzu. Mota ya tashi, hannun nan bai tashi da shi ba. Dole a canja hannu biyu na sama a sa masu tsawo, da sabon boljoyin, da dogon shokoziba. Robar birki ma ya miƙe, duba. Bayan nan a kai shi a daidaita taya. Na aika Kaduna, Litinin kaya zai iso."

Ban gaya masa ba, amma da safiyar ranar nan wata mata mai suna Ladi ta kira ni. Ladi manomiya ce da nake saye a hannunta tun ina ɗaukar doya a ka. Ta ce sun tone sabuwar doya tana jibge a gona, ruwa yana dukanta, kuma mutanen babbar motar nan sun zo sun taya, ta ce musu ta Maman Aisha ce, amma mijinta ba zai jira har Litinin ba. Sai na ce wa Bitrus ya ba ni makulli. Ya ƙi. Na ce mota tawa ce ko tasa? Ya ci gaba da goge hannu da tsumma. Da na ga ba zai saki ba, sai na sauke murya, na ce gida kawai nake so a kai ta a wanke, maƙwabta su gani, Litinin a dawo da ita.

Shi da kansa ya tuƙo ta a hankali har ƙofar gidanmu. Da zai miƙa mini makullin, bai sake shi nan da nan ba.

"Kada ya ɗauki kaya, kada ya shiga rami. Ka gaya wa Ndagi. Allah yana ji na faɗa maka."

"Na ji," na ce. "Zan gaya masa."

Washegari da safe na miƙa wa Ndagi makulli. Ya zagaya motar yana jinjina kai, yana dariya, ya ce yau kam sai dai tudu ya gaishe mu daga nesa. Ya duba iskar taya, ya duba ruwa da mai. Abin da ke bayan taya ba ya ganuwa sai an juya ta an sunkuya, ni kuwa ina tsaye ina ce masa rana tana yi. Na gaya wa kaina tafiya ɗaya ce, kanikawa sun cika tsoratarwa, kuma ƙarfe ba kara ba ne da zai karye a yini guda.

Da tafiya lafiya lau muka je. Muka bi ta wurin da muka saba maƙalewa, cikin mota bai ko taɓa ƙasa ba. Amma bayan mun wuce madatsar ruwa muka shiga burji, sai na ga Ndagi ya kashe rediyo, ya karkata kai yana saurare.

"Yaya, sitiyarin nan yana ja na hagu. Kuma akwai wani ƙas-ƙas a ƙarƙashin ƙafata. Bitrus ya ce ya gama aikin kuwa?"

Ina jin muryarsa har yau. Ya rage gudu yana jiran amsata, kuma akwai fili a gefen hanya da zai iya tsayawa.

"Ya gama," na ce. "Sabon aiki ne, zai zauna."

Ya ce to, ya ƙara wuta. Ndagi bai taɓa musu da ni ba tun yana ƙarami, ni na goya shi.

A gona muka tarar da doyar ta fi yadda Ladi ta faɗa. Ƙwarya biyar, wato doya ɗari biyar, na zo ɗauka, muka loda bakwai, don ban so in bar wa mutanen nan ko guda. Ndagi ya tsaya yana kallon yadda motar ta zauna, ya ce mu rage, na nuna masa hadarin da ya haɗo daga gabas, na ce in ruwa ya same mu a nan sai gobe. Muka kamo hanya wajen azahar. Ƙarar nan ta ƙaru, yanzu ko ni ina jin ta, kowane rami sai ta amsa. Na riƙe ƙofa da hannu biyu ina karanta duk addu'ar da na sani, amma ban buɗe baki na ce ya tsaya ba. Ina ta lissafin hanya a raina: in mun wuce gangaren rafi, saura kaɗan mu hau kwalta, in mun hau kwalta shi ke nan, ba wanda zai taɓa sani.

Gangaren nan yana da tsawo, a ƙasansa akwai ƙaramin kwalbati, gefen hagu kuma kwazazzabo ne da ruwa ya ci. Ndagi ya sa giya mai nauyi, yana taka birki kaɗan-kaɗan. Iska ta taso, yayyafi ya fara. Muna dab da kwalbatin tayar hagu ta faɗa wani rami, sai na ji ƙara kamar an sare itace da gatari. Gaban motar ya durƙusa ta wajen Ndagi. Na ga sitiyari yana juyawa a hannunsa ba ya riƙe komai, na ji ya ce innalillahi, sannan ƙasa da sama suka juya.

Da na farfaɗo, ina kwance a kansa, doya ta cika ko'ina, jini yana shiga mini ido. Manoma ne suka jawo ni ta taga. Ndagi bai fitu ba, ƙarfen gaba ya danne masa ƙafar hagu. Mutanen ƙauyen suka zo da fartanya da igiya da itatuwa, suna tono suna ɗagawa cikin ruwan sama, ya fi awa biyu. Duk tsawon lokacin nan idonsa biyu. Bai yi kuka ba. Abin da yake ta maimaitawa shi ne a duba Yaya, jini yana zuba a kanta. Tayar kuwa tana nan kwance a ƙarƙashin motar, ta naɗe ciki kamar ƙafar akuyar da aka ɗaure.

A asibiti aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ni karaya ce a hannu da ɗinki bakwai, kwana biyu aka sallame ni.

Ranar da na dawo gida, babanku ya shigo ɗaki ya rufe ƙofa. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, kun san shi. Ya zauna a bakin gado ya ce ya je wurin Bitrus, Bitrus ya ce ya gargaɗe ni, ya ce na yi masa alkawari mota ba za ta fita ba.

"Haka ne?"

Na tuna Nna tana hanya daga Bida. Na tuna Hauwa da cikinta a bakin ɗakin asibiti.

"Bai faɗa mini komai ba, Malam. Makulli kawai ya ba ni."

Babanku ya dube ni, ya ce shi ke nan, ya fita. Ya yarda da ni, don ban taɓa yi masa ƙarya ba sai ranar.

Maganar ta bazu a Tunga kafin magariba. Washegari abokan Ndagi, direbobi da 'yan acaɓa, suka taru suka je rumfar Bitrus. Suka rushe ta, suka watsar da kayan aikinsa a kwata, suka fasa gilashin motocin mutane biyu da ke wurin. Shi ya tsira ta katangar maƙwabta da rauni a kafaɗa. Kun san garin nan, ƙaramar magana ba ta wuyar sauya riga. Kwana biyu kawai aka yi, na fara jin ana cewa da gangan ya yi, ana ambaton coci da masallaci a zancen da ba ruwansa da su. 'Yan'uwan Bitrus su ma suka fara taruwa a ƙofar gidansa da sanduna. Masu shaguna a layinmu suka koma rufewa tun la'asar. Ni ina ɗaki, mata suna shigowa yi mini sannu, suna tsine wa Bitrus, ina gyaɗa kai. In na tayar da salla sai in rasa raka'a nawa na yi.

Mai unguwa ya sa ranar Asabar a zauna, shi da shugaban kanikawa da dattawan ɓangarorin biyu. Abin da ake faɗa shi ne za a hana Bitrus sana'a a garin, a miƙa shi kotu, wataƙila samari su huce.

Ranar Juma'a da hantsi aka yi sallama. Saratu ce, matar Bitrus. Matan da ke ɗakin suka tashi za su kore ta, na ce su bar ta. Ta durƙusa a bakin ƙofa, ta ajiye kwanon kunu, ta yi mini sannu, ta tambayi jikin Ndagi. Ba ta ɗaga murya ba. Da za ta tashi sai ta matso kusa yadda ni kaɗai zan ji.

"Maman Aisha, yaranmu huɗu ba su fita waje ba kwana biyar. Ni ban san abin da ya faru tsakaninku ba, ba na wurin. Ku biyu ne kuka sani, sai Allah."

Ta tafi ta bar kwanon.

Ranar Asabar ta zo, mu mata ba a kira mu zaman ba. Na bari babanku ya fita, na sa mayafi da hannu ɗaya, na bi bayansa. Ƙofar gidan mai unguwa ta cika, samari sun tsaya gefe biyu na hanya, kowane ɓangare yana kallon ɗaya. Na ratsa ta tsakiyarsu. A zaure na ga Bitrus zaune a ƙasa, kafaɗa a ɗaure, a gabansa an ajiye karyayyen ƙarfen nan da aka ciro daga motar, da wani kwali da ba a buɗe ba. Kayan Kaduna ne, sun iso ranar Litinin kamar yadda ya ce. Babanku ya miƙe da ya gan ni, ya ce me ya kawo ni. Na ce wa mai unguwa, ranka ya daɗe, ina da magana. Ya ce in faɗa.

"Bitrus ya gaya mini. Ya nuna mini ƙarfen nan da idona, ya ce kada a ɗora kaya. Ya hana ni makulli, na yi masa ƙarya na karɓa. Ndagi ya tambaye ni a hanya, shi ma na yi masa ƙarya. Mijina ya tambaye ni, na yi masa. Ba laifin kowa ba ne sai nawa."

Mai unguwa ya sa na maimaita a bakin zaure, da ƙarfi, don na waje su ji. Na maimaita. Ba wanda ya zage ni, da ma sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Samarin suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Bitrus bai dube ni ba, ya sa fuskarsa a tafin hannu, kafaɗunsa suna girgiza. Babanku ya ɗauki takalmansa ya wuce ta gabana kamar bai san ni ba.

Daga nan asibiti na nufa, don kada wani ya riga ni. Nna tana zaune a gefen gado tana yi masa fifita, Hauwa tana kan tabarma. Na tsaya a ƙafar gadon, inda bargo ya kwanta babu komai a ƙarƙashinsa, na faɗa musu duka. Nna ta ajiye mafici. Ndagi ya yi magana idonsa a kan silin.

"Da kin ce mini, Yaya, ga yadda ake ciki, mu gwada sa'a, wallahi da na tuƙa. Ba zan ƙi ki ba. Amma na tambaye ki."

Ya juya fuska wajen bango. Nna ta ce in tafi gida tukuna.

Babanku ya yi wata biyu ba ya cin abincina. Shi ya sayi katako da kwano, ya je da kansa yana miƙa wa kafinta ƙusa har rumfar Bitrus ta tashi. Duk da haka mutane ba su koma masa kamar da ba, wanda ya ji zargi ba lallai ya ji wankewa ba. Bayan shekara ya tattara ya koma hanyar Gidan Kwano. Na je na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe, ya ba ni kujera, ya ci gaba da aikinsa. Motar na sayar wa masu gwangwan, ban sake zuwa sarin doya ba. Nna ba ta ƙara tayar da maganar ba har ta rasu, amma ba ta sake kwana a gidana ba.

Ndagi ya koma Bida da Hauwa da jaririyarsu. Ya koyi ɗinki a keken hannu, da shi ya riƙe gidansa, bai taɓa karɓar abin da na aika masa ba. Duk salla ina zuwa. In na gaishe shi yana amsawa, lafiya, alhamdu lillahi, daga nan sai ƙarar keke. In zauna awa guda a bencin shagonsa, in tashi in dawo. Haka muka yi shekara goma sha bakwai.

Sallar bara na je kamar kullum. Gemunsa ya yi fari fiye da gashina. Na yi zamana, na yi sallama, na kai bakin ƙofa, sai na ji keken ya tsaya. Bai ɗago kai ba, yana zare zare daga allura.

"Yaya, hanya ta lalace wajen gada. Ki ce wa direban ya bi a hankali."

Na ce to. Na fita na shiga mota, na gaya wa direban, kuma har muka shigo Minna mayafina yana kan fuskata.